Alexander Calder, Maƙerin da Ya Sa Iska Aiki

An haifi Alexander Calder cikin 1898 a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Gidansu gidan masassaƙa ne, uba da kaka duk sana'arsu ke nan, amma shi da ya tasa sai ya nufi ilmin injiniya, ya ƙare karatunsa a Kwalejin Stevens cikin 1919. Ya taɓa wannan aiki ya taɓa wancan, har da hura wutar tukunyar jirgin ruwa, kafin jini ya jawo shi ga gadon gidansu. Cikin 1926 ya tafi birnin Faris.

Abin da ya fara yi masa suna a can kayan wasa ne. Da waya da tsummoki ya harhaɗa 'yan wasan tsalle-tsalle, da dawaki, da zaki, yana jan zare suna motsi, manyan masu zane na birnin suna taruwa kallo. Malaman elementare su dubi wannan da kyau, don yaran Durun da na Gwarzo da ke ƙera motar kara a gindin bango, waɗanda wasu ke kora da sunan shiririta, hannunsu da nasa iri ɗaya ne.

Cikin 1930 ya ziyarci Mondrian, wani mai zane mutumin Holan, ya ga bangon ɗakinsa an manna masa takardu masu launi dabam-dabam, sai ya yi sha'awar a ce suna motsi. Da fari ƙaramin inji ya sa, amma ya ga inji abu guda yake ta maimaitawa, sai ya bar wa iska aikin. Ga yadda yake yi. Yakan yanka fallen ƙarfe kamar ganye, ya maƙala guda biyu a bakunan sandar waya, ya lalubi inda sandar ke tsayawa daidai, kamar dai mai awon gyaɗa da sikeli. Sa'an nan ya rataye ta a bakin wata sanda da ta fi ta, ya sake neman daidai, haka haka daga ƙanana har zuwa babbar. In an gama, ko numfashin iska ya isa ya juya shi duka, kuma da wuya a ga ya tsaya siffa ɗaya sau biyu. Nan ne karatun injiniya ya yi rana. Galibin waɗannan ayyuka ba siffar mutum ba ne ko ta dabba, launi ne da nauyi da motsi kurum.

Da girma ya zo sai ya fitar da aikinsa fili, inda mai wucewa zai gani ba da biyan ko kwabo ba. Cikin 1958 aka kafa masa wani mai juyawa a harabar UNESCO a Faris. Cikin 1969 aka kafa wani jan ƙarfe, wanda shi ba ya motsi, mai nauyin ton 42, a dandalin garin Grand Rapids. Da yake akwai kuɗin Gwamnati a ciki, mutane da yawa suka yi ta gunaguni, suna ganin ɓarnar dukiyar jama'a ce. Ba a daɗe ba garin ya mai da shi tambarinsa, har a jikin motocin kwasar shara.

Calder ya rasu a New York ran 11 ga Nuwamba, 1976, yana da shekara 78.