Edie Sedgwick: Tauraruwar fina-finan Andy Warhol da ƙwaya ta yi ajalinta tana shekara 28

A shekarar 1965 babu budurwar da ake ambata a birnin New York kamar Edie Sedgwick. Shekara shida bayan nan aka wayi gari da gawarta a kan gado.

An haife ta ranar 20 ga Afrilun 1943 a Santa Barbara da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Ita ce ta bakwai cikin 'ya'ya takwas na wani gidan attajirai. Sai dai dukiya ba ta kawo wa gidan kwanciyar hankali ba. Tun tana matashiya ta yi fama da larurar ƙin cin abinci, har aka kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa a 1962. Wani yayanta ya kashe kansa a 1964, wani kuma ya rasu bayan hatsarin babur a farkon 1965.

Da ta cika shekara 21 ta gaji dala 80,000, ta koma New York. A watan Maris na 1965 ta haɗu da mai zane Andy Warhol, wanda ke shirya wasu fina-finai da suka saɓa wa na Hollywood. Ba ruwansa da tsararren labari. Yakan dasa kyamara wuri guda ya bar ta tana ɗauka. Fim ɗinsa Empire ya kai sa'a takwas, kuma dogon bene ɗaya kawai yake nunawa.

Edie ta dace da wannan salo. A fim ɗin Poor Little Rich Girl ana ganinta a ɗakinta tana tashi daga barci, tana waya, tana shan sigari, tana gwada tufafi. Ta kuma fito a Kitchen da Beauty No. 2, mujallar Vogue ta buga hotunanta.

Amma ɗakin aikin Warhol, wanda ake kira Factory, matattara ce ta masu shan ƙwayar amfetamin mai hana barci. Edie ta nutse a ciki. Kuɗin gadonta suka ƙare, fina-finan kuma ba su kawo mata abin kirki ba. Zuwa farkon 1966 ta raba gari da Warhol.

A 1967 aka fara ɗaukar Ciao! Manhattan, fim ɗin da ya ginu kan rayuwarta, amma aikin ya tsaya, ita kuma ta shiga zaryar asibitoci.

Ta yi aure a watan Yulin 1971, ta ɗan rabu da shaye-shaye. Ranar 16 ga Nuwamba ta mutu cikin barci bayan ta dawo daga wani biki. Binciken likitoci ya danganta mutuwar da ƙwayar sa barci da ta haɗu da barasa.

An saki Ciao! Manhattan a 1972, bayan an binne ta a maƙabartar Oak Hill da ke Ballard a Kalifoniya.