Juan Ramon Jimenez, Mawaƙin Launuka

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku labarin wani mawaƙi na ƙasar Sifen, gama a ganina akwai abin da malamin makaranta zai tsinta a cikinsa.

An haifi Jimenez a shekarar 1881 a Moguer, wani ƙaramin gari a kudancin Sifen, watau ƙasar Andalus. Ubansa mai sukuni ne, yana cinikin ruwan inabi. Da yaron ya tasa, aka tura shi birnin Sabil ya karanta shari'a, amma hankalinsa yana wajen zane da fenti. Daga baya ya ajiye burushi ya ɗauki alƙalami, idonsa kuwa bai rabu da launi ba har ya mutu.

A shekarar 1900 ya tafi Madrid, ya buga littattafansa biyu na fari. Ɗaya, Ninfeas, aka buga shi da koren tawada, ɗayan kuma, Almas de violeta, da tawada shunayya. Tun mai karatu bai fara ba, launi ya riga ya gaya masa irin zuciyar da ke ciki. A wannan shekara ubansa ya rasu farat ɗaya. Tsoron mutuwa ya kama saurayin, har sai da aka kwantar da shi asibiti a Faransa.

A cikin Arias tristes, na 1903, ya buɗe da waƙoƙin kaka. A ƙasarsu kaka lokaci ne da ganye ke zama rawaya, ya zube, sanyi na tafe. Saboda haka ya mai da kaka da rawaya alamar baƙin ciki da rabuwa. Da ya koma gida ya sami sauƙi, sai ya yi waƙoƙin lokacin tohon itatuwa. Littafinsa da ya fi shahara, Platero y yo, na 1914, labarin jakinsa ne, yana bin shekara daga toho har sanyi ya zo, jakin ya mutu.

Ya auri Zenobia Camprubi a 1916. Yaƙin basasa ya fitar da su daga Sifen a 1936. Ya sami kyautar Nobel a 1956, bayan kwana 3 matarsa ta rasu. Shi kuma ya cika a tsibirin Puerto Rico a 1958, aka kai su gida Moguer aka binne.

To, ga abin da ni ke so mu lura. A wajenmu Manchok kaka ba baƙin ciki ba ce. Lokacin yankan acca ne da dawa, rumbu ya cika. Wahalarmu tana tsakiyar damina, sa'ad da duwatsun Kagoro suka yi kore shar, hatsin bara kuwa ya ƙare. Ashe kore na iya zama launin yunwa. In muka sa yara su haddace ma'anar lokatan Turai kurum, za su rubuta abin da ba su taɓa gani ba, su raina nasu. Jimenez garinsu ya duba. Mu ma mu sa almajiranmu su dubi hazon hunturu da jar ƙasar bazara, su faɗa mana da bakinsu abin da kowanne ke nufi.