Tiyodoros Kabaliyotis (1718–1789) da Ƙamusin Harsuna Uku

Aromaniyanci harshe ne da ya tsiro daga Latin, ɗan'uwan Romaniyanci na jini. Masu magana da shi suna warwatse a Girka da Albaniya da Makedoniya ta Arewa da Romaniya, kuma an fi saninsu da kiwo da fatauci. A ƙarni na 18 babbar cibiyarsu ita ce Moskopole, wani gari a tsaunukan kudancin Albaniya ta yau, a ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkawa. Garin yana da maɗaba'a da babbar makaranta, kuma da Girkanci ake karatu da ibada a cikinsa.

A nan Kabaliyotis, limamin cocin Otodoks, ya yi rayuwarsa ta malanta. Ya yi karatu a Yannina a gaban Ebgeniyos Bulgaris, sannan ya koyar a makarantar Moskopole har ya shugabance ta. Ya yi rubuce-rubuce a kan manɗiƙi da falsafa, amma ba su ne suka raya sunansa ba.

Abin da ya raya shi ɗan littafin koyon karatu ne, Protopeiria, wanda aka buga a Benis a 1770. A cikinsa akwai kalmomi 1,170 da aka jera gida uku: Girkanci, Aromaniyanci da Albaniyanci, duk da baƙaƙen Girkanci. Girkancin ne a gaba, kuma bisa ga dukkan alamu shi ake son yaro ya iya. Harshen gida tsani ne kawai. Sai dai kafin malamin ya kafa tsanin, dole ya rubuta kalmomin da aka saba ji a baka, ya kuma lanƙwasa baƙaƙen don su ɗauki sautukan da Girkanci bai da su. A ganina wannan wahalar ita ce ainihin gudummawarsa, ko da bai nufe ta ba.

Littafin ya fito shekara guda bayan harin 1769 da ya tarwatsa Moskopole, garin da bai sake komawa yadda yake ba. A 1774 Yohan Tunman, masani ɗan Suwidin a Jami'ar Halle, ya sake buga jerin kalmomin tare da fassarar Latin, kuma ta wannan hanya masana harshe na Turai suka sami abin nazari a kan Aromaniyanci. Kabaliyotis ya rasu a 1789.