Benjamin Franklin, Wanda Ya Nuna wa Tsawa Hanya

'Yan'uwana ɗalibai, ga tarihin Benjamin Franklin a taƙaice. An haife shi a Boston ta Amurka a 1706. Yana ɗan shekara 10 ya bar makaranta, daga baya ya koyi aikin ɗab'i wajen wansa. A 1752 ya gwada cewa walƙiya wutar lantarki ce. Shi ya ƙago sandar ƙarfen da ake kafawa bisa gini, a ja mata waya har cikin ƙasa, tsawa ta bi. A 1753 wani masani, Richmann, ya yi irin gwajin a Rasha babu wayar ƙasa, tsawa ta kashe shi nan take. Franklin kuwa sai 1790 ya mutu.

Ni abin da ya fi ba ni sha'awa, dabararsa tana cikin bangon gidajenmu na Nassarawa. In wayar wuta ta kwance ta taɓa makunnin fitila na ƙarfe, wayar ƙasa ce ke janye wutar, fis ya ƙone. In babu ita, jikin mai kunnawa ne hanyar, balle da jiƙaƙƙen hannu bayan alwala. Iyayenmu, don Allah a kira mai gyaran wuta ya duba.