Zulfikar Ali Butto, wanda ya nemo wa Pakistan makamin ƙare-dangi

A wannan mako tarihinmu zai kai mu nahiyar Asiya, inda maƙwabta biyu, Indiya da Pakistan, suke zaman doya da manja tun ranar da Ingila ta raba su a shekara ta 1947. Mutumin da za mu ba da labarinsa shi ne Zulfikar Ali Butto.

An haife shi ran 5 ga watan Janairu 1928 kusa da Larkana, cikin lardin Sind, a gidan masu gonaki da dukiya. Ya yi karatu a jami'ar Kaliforniya ta Amurka, sa'an nan ya karanta shari'a a Oksfod ta Ingila. Yana da shekara 30 ya zama minista, a 1963 kuma shugaba Ayub Khan ya ba shi harkokin waje.

A 1965 ƙasashen biyu suka gwabza yaƙi a kan Kashmir. Sulhun da aka ƙulla a Tashkent bai gamshi Butto ba, sai ya bar gwamnati a 1966, ya kafa jam'iyyarsa a 1967. Tun a lokacin yana faɗin cewa in Indiya ta ƙera bam na nukiliya, to Pakistan ma sai ta ƙera nata, ko da jama'a za su koma cin ciyawa.

Babbar masifa ta zo a 1971. Jam'iyyar Sheikh Mujibur Rahman ta gabashin ƙasar ita ta ci zaɓen 1970, amma sojoji suka hana ta mulki, kuma Butto na cikin waɗanda suka ƙi amincewa da ita. Yaƙi ya ɓarke, Indiya ta shiga, gabashin ya ɓalle ya zama Bangladash. Mutanen Pakistan wajen 90.000 suka faɗa hannun Indiya. A cikin wannan kunya aka damƙa wa Butto ragamar ƙasa ran 20 ga Disamba 1971.

Daga nan ya bi hanya biyu. A watan Janairu 1972 ya tara masanan ƙasarsa a asirce a garin Multan, ya umarce su da su ƙera bam. A watan Yuli na shekarar kuma ya tafi Simla ya zauna da firaministar Indiya, Indira Gandi. Bai je da wani ƙarfi ba sai na baki, amma ya dawo da yarjejeniya wadda ta sa Indiya ta janye daga yankunan da ta kama a yamma. Fursunonin kuwa sun koma gida tsakanin 1973 da 1974. A Fabrairu 1974 ya karɓi shugabannin ƙasashen Musulmi a Lahor, a nan ne kuma ya amince da Bangladash.

Ran 18 ga Mayu 1974 Indiya ta gwada bam ɗinta a hamadar Pokhran. Butto ya ƙara ƙaimi. Injiniya Abdul Kadir Khan ya dawo daga Holan da sanin yadda ake tace ƙarfen yuraniyom, aka gina masa ma'aikata a Kahuta. A 1976 aka sa hannu da Faransa domin wata ma'aikatar sarrafa makamashin nukiliya. Amurka ta ƙi: ministanta na harkokin waje, Henri Kisinja, ya zo har Lahor yana matsa masa ya janye. Butto ya ƙi, amma Faransa ta fasa cinikin a 1978. Labarin ya ɗan shafe mu, domin a ƙarshen shekarun 1970 Pakistan na cikin masu sayen yuraniyom na Nijar.

Sai dai wanda ya tsare ƙofar waje bai tsare ta ciki ba. Butto ya ba ƙasarsa kundin tsarin mulki a 1973, amma ya takura wa ƴan hamayya. Aka zarge shi da maguɗi a zaɓen Maris 1977, tarzoma ta tashi, ran 5 ga Yuli Janar Ziya'ul Hak, wanda shi da kansa ya ɗora bisa rundunar soja, ya kifar da shi. Aka tuhume shi da sa a yi kisan kai, aka rataye shi a Rawalpindi ran 4 ga Afrilu 1979, duk da roƙon da shugabannin duniya suka yi. A 2024 kotun ƙolin Pakistan ta bayyana cewa ba a yi masa shari'ar adalci ba.

Bam ɗin da ya nema an gwada shi ran 28 ga Mayu 1998, makonni biyu bayan sabon gwajin Indiya, shekara 19 bayan rasuwarsa. Amma a 1999 aka sake yin yaƙi a Kargil, kuma Kashmir na nan a rabe. Abin da ya maido da fursunoni ga iyalansu shi ne zaman shawara da aka faro a Simla. Allah ya jiƙansa, ya ba maƙwabtan nan biyu zaman lafiya.