Dorugu: Yaron da Ya Kai Hausa Ingila

An haifi Dorugu a wajajen 1840 a ƙasar Damagaram, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar. Yana ƙaramin yaro mahara suka kama shi, suka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu har ya iske kansa a Kukawa, babban birnin Borno a lokacin. A can ne wani Bajamushe mai binciken ƙasashe, Adolf Overweg, ya fanshe shi tare da wani yaro mai suna Abbega, ya 'yanta su.

Da Overweg ya rasu a 1852 kusa da Tafkin Chadi, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth ya ɗauki yaran biyu. Dorugu ya bi shi har Timbuktu a 1853, suka komo Borno, sa'an nan suka ƙetare hamada zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. A watan Satumba na 1855 suka sauka Landan. Yaron da aka fitar da shi daga gida a ɗaure ya ga teku da jirgin ƙasa, har Jamus ma ya taka.

A Ingila ya zauna a gidan Rabaran James Frederick Schön, mai wa'azin bishara wanda ya bi Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Schön ya daɗe yana nazarin Hausa, amma yana bukatar wanda ya sha ta a nono. Dorugu ya riƙa ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, shi kuwa yana rubutawa. Da wannan taimako Schön ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki, ciki har da Bisharar Matiyu a 1857, ya kuma wallafa nahawun Hausa a 1862, ƙamus a 1876, da Magana Hausa a 1885. A can aka yi wa Dorugu baftisma da sunan James Henry.

Ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru da yawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nassarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai a 1932, shekara ashirin bayan rasuwarsa, amma harsashinsa na farko yana da hannun wannan yaro. Kamar Yusufu a Masar, bai zaɓi barin gida ba, kuma babu abin da ya fita da shi sai harshen uwarsa. Iyayen da 'ya'yansu ke shirin tafiya ƙasashen waje su tabbata sun ba su wannan guzuri tun suna gida.