Francis Harvey: Manjon da ya ceci jirgi daga sakacin manyansa

Masu tara lambobin girma na soja suna ɗaukar Victoria Cross a matsayin sarauniyarsu, kuma a kasuwar gwanjo akan biya maƙudan kuɗi kafin a mallaki guda ɗaya. Sarauniya Victoria ce ta kafa ta a 1856, domin wanda ya nuna jarumta a gaban abokan gaba. A cikin dakarun Royal Marines, sojojin kundumbala na rundunar ruwan Birtaniya, mutum goma kacal suka taɓa samun ta. Manjo Francis Harvey yana cikinsu.

An haife shi a Ingila a 1873, ya yi karatu a Portsmouth, ya shiga aikin soja a 1892, ya kuma ƙware a harbin manyan igwa. Lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, yana aiki a jirgin ruwan yaƙi HMS Lion, wanda Admiral David Beatty yake ba da umarni daga cikinsa.

Ranar 31 ga Mayu 1916, rundunonin ruwan Birtaniya da Jamus suka gwabza a Tekun Arewa, kusa da yankin Jutland na Denmark. Wani harsashi daga jirgin Jamus Lützow ya fasa ɗakin igwar da Harvey yake shugabanta, ya hallaka akasarin mutanensa, shi kuma ya ji raunin da ba zai tashi ba. Kafin ransa ya fita, ya ba da umarnin a cika rumbun albarushin da ke ƙasa da ruwa. Da wuta ta gangaro, sai ta tarar da rumbun a rufe, albarushinsa a jiƙe. Haka kimanin mutum 1,000 suka tsira.

Wasu ba su yi wannan sa'a ba. A ranar, jirage uku irin Lion, wato Indefatigable da Queen Mary da Invincible, sun tarwatse, fiye da mutum 3,000 suka tafi tare da su. Masana tarihi sun danganta wannan asara da ɗabi'ar da ta yi kanta a rundunar Beatty: domin a gaggauta harbi, akan jibge albarushi a wajen rumbu, a bar ƙofofin kariya a buɗe. Kafin shekarar ta ƙare, an ɗaga Beatty zuwa shugabancin babbar rundunar jiragen yaƙin Birtaniya.

An binne Harvey a teku. Sarki George na Biyar ya miƙa lambarsa ga matarsa Ethel, daga bisani ɗansu ya ba da aronta ga gidan tarihin Royal Marines. Mai kallonta zai karanta sunan jarumi da ranar aikinsa. Amma tagullar ba ta ɗauke da sunan waɗanda suka ƙyale sakacin da ya sa rayukan mutum 1,000 suka rataya a kan umarnin ƙarshe na mai baƙin mutuwa.